Mangwaro a Injin Ƙwai

Litinin, bayan azahar

Na ɗauko biro ne don in na buɗe baki a gidan nan kowa sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin ya ishe ni. Takarda dai ba ta ce wa mutum komai.

Ke nake wa rubutun nan, ɗiyata. Kin san hannuna, ke kike gyara min kina dariya. Yanzu sai ki karɓe shi a yadda yake.

'Yarki Kurciya tana wajena tun ranar da muka rasa ki. Ba ta cin abinci. Shinkafa, burodi, ƙwai, shayi, duk sai ta kau da kai. Mangwaron bishiyarmu ta tsakar gida kawai take karɓa. Yayata ta sayo mata na kasuwa, ta shinshina ta ajiye. Yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba, wa ya koya mata bambancewa?

Ubanta ya zo jiya ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce, "Mama, ƙarshen wata zan tafi da ita wajen su Innata. Ɗakin can ba zai zaunu min ba."

Na ce, "Ka bar min ita."

Ya girgiza kai yana kallon ƙasa. Na roƙa sau ɗaya, ba zan sake ba. 'Yarsa ce.

Amma inda zai kai ta babu bishiyar nan. To me za ta ci?

Talata, da hantsi

Zan busar da mangwaron. Ɗanye ba ya kwana biyu a hanya, busasshe kuwa sai ya yi watanni. Na yanyanka na shanya a kan faranti a saman kwanon ɗaki.

Talata, da la'asar

Ruwa. Ban kai ga kwashewa ba.

Alhamis, da safe

Ruwa jiya, ruwa shekaranjiya. Bana ya sauka da wuri kuma ya ƙi ɗagawa. Wanda na shigo da shi ɗaki ya yi yauƙi, ƙudaje sun yi masa rumfa. Na gwada a kan garwashi, ya ƙone ta ƙasa, sama kuma ɗanye, ga warin hayaƙi. Na zubar.

Wuta kuwa tun kafin abin ya faru aka ɗauke ta a unguwar nan. Ba a dawo da ita ba, ba kuma wanda ya zo ya ce mana ga dalili.

Yaya ta same ni ina wanke faranti. Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya kunnenki na ado ne. Yunwa za ta sa ta ci. Yaro ba ya kashe kansa da yunwa."

Na ce, "Yaya, kin ɗaga hannunta kin gani?"

Ta ce, "Na gani."

Na ce, "Warwaron da uwarta ta sa mata ya zame har ƙasa da kansa. Shi ma kin gani?"

Ta karɓi farantin ta ɗauraye min.

Asabar, da yamma

Na shiga kasuwa, layin masu kayan wuta. Rabona da fita tun ranar. Mutane suna ta harkarsu kamar ba abin da ya faru, har da mai dariya.

Shago na farko suka ce ba su taɓa jin irinsa ba. Na biyu ya nuna min abin gasa burodi. Na uku ne ya ɗauko kwali daga sama ya kakkaɓe shi. Abu ne kamar faifai-faifai a jere, ɗaya kan ɗaya, wai injin busar da abinci. Murna ta kama ni. Sai na ga wayarsa irin ta bango ce.

Na ce, "Da batir yana yi?"

Ya ce, "Mama, batir kuma? Sai ka ce tocila?"

Na ce, "Tambayarka na yi, ɗana, ba wasa na zo ba."

Ya gyara fuska. Ya ce irin na batir bai taɓa gani ba, amma in na jira zai tambaya a kawo wata mai zuwa. Na ce wata mai zuwa ba ni da wanda zan busar wa.

Batirin da nake nufi naki ne, wanda kike kunna fitila da shi kina ɗinki. Da aka kwaso kayanki shi kaɗai na ce a ba ni. Har yau ban san dalili ba.

Lahadi, bayan asuba

Ta ci mangwaro biyu jiya. Ban yi kuka ba.

Litinin, da azahar

Na ɗora batirin a baro na tura shi wajen mai gyaran rediyo na bakin titi, tsohon nan da yake miki caji da janaretansa. Yana ganina ya ce, "A'a, Maman mai ɗinki, yau ke da kanki?" Sai ya tuna. Ya cire tabarau ya yi ta goge shi da riga.

Na gaya masa abin da nake nema. Ya ce, "Batirin nan ƙaramar wuta yake bayarwa, irin na mota. Injin da kika gani a kasuwa kuwa mai haɗama ne. Ko na haɗa miki da inbata mai mayar da ita irin wutar bango, kafin mangwaron ya san an sa shi a ciki batir ya kwanta."

Na ce, "To yi min wanda ba ya haɗama."

Ya ce, "In na sami kaya. Ɗan ɗumi ake so da 'yar fanka, a hankali a hankali. Ki ba ni mako uku."

Na ce ba ni da mako uku. Na bar masa batirin ya cika min, na dawo.

Ina shigowa gida na ji 'yan tsaki suna kuka ta bayan katanga, a gidan Mai Kaji. Na tsaya da mayafi a hannu. Matar nan ba kaza ke mata ƙyanƙyasa ba, inji ne, kuma wuta babu a gidanta kamar yadda babu a nawa. To da me yake aiki?

Litinin, bayan magariba

Da batir! Akwati ne na roba mai murfi, da 'yar fanka a ciki da abin ɗumi, da wayoyi biyu, ja da baƙa.

Mai Kaji ta ce, "Maƙwabciya, kin san abin nan shi ne gonata."

Na ce, "Na sani. Aro na zo."

Ta ce, "Mangwaro a injin ƙwai? Kai, duniya."

Amma ta ba ni, don wannan zubin na ƙwai ya riga ya ƙyanƙyashe. Ta biyo ni har ƙofa tana min doka. Kada in buɗe murfi ko da wasa, zafi zai gudu. Kuma ɗan kwanon da ke ƙasa kullum ya kasance da ruwa, kada ya ƙafe. Ta ce haka ake yi, ita ba ta taɓa saɓawa ba. Na ce to.

Talata, da hantsi

Na jera yanka a kan ragar. Na sa Kurciya ta miƙo min da hannunta, don ta san na bishiyarmu ne. Na zuba ruwa a kwano, na rufe, na maƙala wayoyi. Fanka ta fara juyawa.

Kurciya ta kara kunne a jikin akwatin. Ta ce, "Kaka, yana numfashi."

Wannan ce doguwar maganar da ta yi tun ranar.

Laraba, da la'asar

Batir ya yi sanyi, na tura shi caji, na dawo da shi. A hanya ruwa ya kama ni. Uban Kurciya ya tsaya da motarsa ta haya ya ce, "Mama, don Allah kawo in sa a but."

Na ce, "Je ka nemi fasinjanka."

Ya bi ni a hankali har gida, ni da baro a gaba, shi a baya kamar mai rakiyar amarya. Ban waiwaya ba.

Juma'a, da safe

Na buɗe. Funfuna, fari da kore, kamar an shimfiɗa masa bargo. Ruwa yana ɗiga daga murfin.

Na zauna a ƙasa. Mangwaro mai kyau, wanda da ta ci.

Juma'a, bayan la'asar

Na kai wa mai gyaran rediyo akwatin a yadda yake. Ya leƙa, ya ga kwanon ruwa, ya dube ni.

Ya ce, "Wa ya ce ki zuba ruwa?"

Na ce, "Mai shi."

Ya ce, "Kuma kika rufe ruf?"

Na ce, "Ruf."

Sai tsohon nan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baiwar Allah, busarwa za ki yi ko ƙyanƙyashe mangwaron za ki yi? 'Yan mangwaro kike jira su fito suna tsiyau-tsiyau?"

Na so in ji haushi. Sai na ji abu ya taso min daga ciki, ashe dariya ce. Na yi ta, ɗiyata, a bakin titi, har hawaye. Daga baya hawayen ya ci gaba shi kaɗai. Ya juya baya yana ta tone-tone a cikin wayoyi har na gama.

Ya ce ƙwai danshi yake so, mangwaro kuwa so yake danshi ya fita. A cire ruwa, a yanka siriri, a kuma huda murfin da gefe don iska ta shiga ta fita. Ya murɗa min abin zafin ya ƙara shi. Huda kuwa ya ce shi ba ruwansa, kayan mutane ne.

Asabar, da hantsi

Na gwada ɗaga murfin da tsinke. Zafi ya gudu duka, ƙudaje suka shiga.

Na je gidan Mai Kaji, aka ce ta tafi sayo dusa, sai yamma. Mangwaro yana faɗowa da kansa a tsakar gida yana fashewa. Na sa ƙusa a wuta.

Asabar, da yamma

Ta shigo ta gani. Salatin da ta saka sai da maƙwabta suka leƙo.

Ta ce, "Aro na ba ki ko gado? Kin mayar min da inji rariya! Wane ƙwai zan sa a cikin wannan?"

Na ce, "Na huda. Ba zan ce ban huda ba. Zan liƙe miki, in bai liƙu ba zan san abin yi."

Ta ce, "Da bakinki! Ai da kin jira ni."

Na ce, "Da na jira ki za ki yarda?"

Ta ce, "Wallahi a'a."

Na ce, "Shi ya sa."

Ta ɗauki akwatin ta rungume za ta fita. Kurciya tana zaune a kan tabarma da ƙwallon mangwaro tana tsotsa, rigarta ta zame daga kafaɗa. Mai Kaji ta dube ta, ta daɗe. Ta dire akwatin da ƙarfi.

Ta ce, "In kin gama kashe shi ki aiko min da gawar."

Tana faɗa ta kama bakinta. Ta fita ba sallama.

Lahadi, da safe

Na gaishe ta ta katanga. Kajinta ne suka amsa.

Talata, da azahar

Ya yi! Ya bushe, ya yi laushi kamar fata, launinsa ya ƙara duhu, ƙamshi kuwa har zaure. Na ɗanɗana, zaƙinsa ya fi na ɗanye. Yaya ta ci ɗaya ta miƙo hannu, na buge hannun. Ta ce, "Ji mara kunya, yayarki kike duka?" Na ce, "Ke ai kina cin shinkafa."

Na kai wa Kurciya. Ta juya shi, ta shinshina. Ta ce, "Kaka, ya mutu."

Na kusa ce mata barci yake yi. Sai na tuna abin da aka ce mata a kanki, na haɗiye. Na ce, "Bai mutu ba, uwata. Ruwa ne kawai ya fita. Shi ne dai wanda kika miƙo min."

Ta ajiye shi a kan gwiwata ta nuna bishiya.

Laraba, bayan asuba

Ba ta ci ba. Na sa wani zubin.

Alhamis, bayan asuba

Ba ta ci ba. Baro, caji, baro. Ƙafata ta kumbura. Ba ruwan kowa.

Asabar, da la'asar

Uban Kurciya ya zo da kwalaye zai haɗa kayanta. Ya ga kwalabe biyu cike da busasshen mangwaro a kan kantar ɗaki, ya ga bishiya ta fara yin fayau. Ya tsuguna yadda ya saba.

Ya ce, "Mama, zan yi magana, ki yafe min."

Na ce, "Yi."

Ya ce, "Kina ɗaukar abin da take ci kina mayar da shi abin da ba ta ci. Da an bar mata ɗanyen ta ci ta ƙoshi kafin mu tafi. Can akwai asibiti, akwai su Innata."

Na ce, "Asibiti akwai a nan ma. Mun gani."

Ya sunkuyar da kai. Bai kamata in faɗa masa haka ba, shi ma ai ya sha zaman bencin asibitin nan. Amma na faɗa.

Na ce, "Ranar da kuka isa, ta waiwaya ba bishiya, ba ni, ba uwarta, me za ka miƙa mata? Ko ba ta ci ba ta riƙe a hannu."

Ya ce, "In kuma ta ƙi har abada?"

Na ce, "To na busar. Ni dai ba zan zauna in naɗe hannu a karo na biyu ba."

Ya daɗe bai tashi ba. Da zai fita ya tsaya a kan akwatin yana kallon wayoyin.

Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta yi min ciwo. Kullum ina ware mata ɗanye kafin in yanka. Amma gaskiya ce.

Litinin, da hantsi

Batirinki ya daina riƙe caji. Gefensa ya kumbura. Mai gyaran rediyo ya ce, "Ya yi iya yinsa, kada ki sake haɗa shi." Ya so ya karɓa ya jefa cikin tarkace. Na ce a'a, na turo shi gida. Yana ƙarƙashin gado.

Jibi za su tafi.

Talata, da la'asar

Na sa gora na kakkaɓo na ƙarshe, na can ƙololuwa da rana ta fi gani. Su ne mafi zaƙi. Na ware mata na yau da na gobe, sauran na yanka na jera a raga, ko da yake babu abin da zai juya fanka. Yaya ta ce, "Yau kuma da me, da numfashinki?" Na ce, "In ta kama."

Na bi gida-gida neman aron batir. Mai babur ya ce nasa ƙarami ne. Wani ya ce nasa yana aiki. Na Mai Kaji kuwa ban tambaya ba, ina da sauran kunya.

Talata, bayan magariba

Na idar da salla na ji ƙara a tsakar gida, ƙarar da na sani. Na leƙo. Fanka tana juyawa. Uban Kurciya yana tsugune da sifana a hannu, hannunsa duk baƙin mai, ga batirin motarsa a ƙasa ya maƙala wayoyin.

Na ce, "Gobe fa tafiya za ka yi."

Ya ce, "Na sani, Mama."

Na ce, "Zai shanye shi."

Ya ce, "Ya shanye. Ja ce a nan ko baƙa? Duba min, kada in ƙona injin mutane."

Daidai ya haɗa, ya sani sarai. Na duba masa duk da haka. Na zuba masa abinci, ya ci. Rabon da ya ci abu a gidan nan tun kina nan.

Laraba, da azahar

Sun tafi.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba, don Yaya ta riga ta fara canza labarin.

Sai da hantsi fankar ta tsaya. Na ƙarshen bai gama bushewa ƙarau ba, amma ya yi. Na ce masa shi za a fara buɗewa. Na naɗe kwalabe a tsumma na sa a bayan kujera, na ɗaure wasu a leda na cusa a aljihun rigar Kurciya. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma duba ba. Na yi mata kitso jiya, irin wanda kike mata, bai yi kyau kamar naki ba.

Ya mayar da batir, ya murɗa makulli. Mota ta yi ƙyat, ta yi shiru. Ya sake. Shiru.

Ɗiyata, ba zan ɓoye miki ba. Zuciyata ta ce, shi ke nan, sai gobe. Gobe ma wa ya sani. Ba wanda zai ce laifina ne. Kurciya tana zaune a baya ta manna goshi a gilashi tana kallona.

Ya fito ya ce, "Sai an tura. Bari in nemo maza a bakin titi."

Na ce, "Koma ka zauna."

Ya ce, "Haba Mama!"

Na ce, "Ni na shanye maka batir. Koma."

Na ci ɗamara da mayafi, na cire takalmi don taɓo. Yaya ta ce, "Wannan mata za ta kashe ni," ta zo ta dafa gefe guda. Muka tura, mota ta ƙi gaba. Sai ga Mai Kaji ta fito da bokitin dusa, ta dire shi. Ta ce, "Matsa can, mai huda kayan mutane, ko turin ma ba ki iya ba." Ta sa kafaɗa.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, in ta tashi ba zan tsaya ba fa, kada ta sake ɗaukewa."

Na ce, "Wa ya ce ka tsaya? Allah ya tsare. Ka riƙe min ita."

Muka tura har gangaren titi. Motar ta yi tari, ta fizge, hayaƙi ya bugi fuskata. Hannuna yana kan but, fuskata dab da gilashin baya. Kurciya ta juyo ta durƙusa a kan kujera. Ledar tana hannunta a kwance. Kumatunta ɗaya ya tasa, bakinta yana motsi.

Sai motar ta bar hannuna, na faɗi a kan gwiwa a cikin taɓo.

Yaya ta ɗaga ni. Na ce, "Tana ci! Kin gani? Tana taunawa!"

Ta ce, "Ƙanwata, gilashin nan duk ruwa ne. Kada ki sa wa ranki abin da ba ki tabbatar ba."

Na ce, "Yaya, ke a gefe kike. Ni ce a tsakiya."

Mai Kaji tana haki tana goge hannu da zane. Ta ce, "Ni dai ban ga komai ba sai hayaƙi. Amma in mai taurin kan nan ta ce ta gani, to ta gani."

Na gani, ɗiyata. Tana ci.